Alim ɗin tsohuwar kwamfuta: yaya zan gane yana da rai kafin in jona?

Baban Hajara, Garwa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masu sanin kan kwamfuta. Ina da ɗan shagon buga takardu a Yelwa. Shekaranjiya da aka dawo da wuta sai muka ji ƙas a bayan kwamfutar da nake aiki da ita, warin ƙuna ya biyo baya. Wani yaro ya duba ya ce akwatin wutar ne ya tafi, wato alim. To a ɗakin ajiya akwai tsohuwar kwamfutar yayana, Allah ya jiƙansa, ta fi shekara huɗu ba a kunna ta ba. Na kwance nata alim ɗin, an rubuta 300W a jikinsa. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ara mini multimita, mitar auna wuta, irin ƙaramar nan ruwan ɗorawa. Yaya zan gwada in san yana da rai? Ina tsoro ne saboda a cikin disk ɗina akwai aikin mutane, har da na ɗalibai biyu da za su miƙa wa makaranta sati mai zuwa.

Ɗan Domayo
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaya. Ni dai in ni ne, jonawa kawai zan yi. In ta tashi shi ke nan, in ba ta tashi ba ka san ya mutu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
A'a ɗana, ba a gwaji a kan dukiyar mutane. Alim mara lafiya ba mutuwa kawai yake yi shi kaɗai ba, yakan tafi da disk, wani lokaci har da babban faifan kwamfutar, kat mer ɗin. Baban Hajara, ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya. Kafin ka kai shi kusa da soket, juya bayansa. Akwai wani ɗan jan makunni da ake turawa gefe, an rubuta 115 ko 230 a kansa?

Baban Hajara, Garwa
Akwai Kawu. 115 yake nunawa.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Alhamdu lillahi da ba ka jona ba. 115 wutar Amurka ce, tamu a Kamaru da Chadi 220 ce. Da ka sa shi a haka da yanzu wani labarin muke yi. Sa bakin sukuddireba ka tura shi har 230 ta bayyana sosai. Ɗan Domayo, ka gani ko?

Ɗan Domayo
Na gani Kawu, na janye maganata.

Baban Hajara, Garwa
Na mayar. Yanzu na tuna, marigayi da wani ɗan taransifoma yake jona ta, ban taɓa sanin dalili ba sai yau.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
To bari mu bi a hankali. Ka ajiye alim ɗin a kan teburin katako, busasshe, ba a haɗe da komai ba. Kada ka buɗe murfinsa, duk abin da za mu yi daga waje ne.

Ɗauki mita. Baƙin tsinke a ramin COM, jan tsinke a ramin da aka rubuta V. Ka kula da wannan da kyau: akwai rami na uku mai 10A, in jan tsinke yana can ka taɓa wuta, ka haɗa ta kai tsaye ke nan, za ka ga tartsatsi. Masu gyaran waya sukan bar shi a can. Sai ka murɗa mitar zuwa 20 a ɓangaren DC, inda V take da miƙaƙƙen layi a kanta, ba mai lanƙwasa ba.

Yanzu ka jona alim a wuta, in yana da makunni a baya ka kunna. Fanka ba za ta juya ba, kada ka damu. Ka duba babban kan nan mai tarin wayoyi, ka nemo shunayyar waya, guda ɗaya ce tal. Baƙin tsinke a ramin kowace baƙar waya, ja a ramin shunayyar. Ya kamata ka ga 5V ko kusa da haka. Ita ce wutar jiran tsammani, tana nan ko kwamfuta a kashe take, ita ke sa maɓallin gaba ya yi aiki. In babu ita, kada ka wahalar da kanka da sauran.

Baban Hajara, Garwa
Ta nuna 5.41.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Ta ɗan yi sama, amma mu ci gaba mu gani. Cire wuta. Samo ƙarfen maƙale takarda, tirombon, ai shagonka ba ya rasa shi. Miƙe shi ka lanƙwasa kamar harafin U. Ƙafa ɗaya a ramin koriyar waya, ɗaya a ramin baƙar da ke maƙwabtaka da ita. Koriyar ma ɗaya ce, ita ce ta huɗu a layin da ke gefen maƙallin roba. Idan ka danna maɓallin kwamfuta, abin da kat mer yake yi ke nan, yana haɗa koriya da baƙa. Mu kwaikwayonsa muke yi. In ka gama ka mayar da wuta.

Baban Hajara, Garwa
Allahu akbar, fanka ta juya! Ƙura ce ta fara fitowa sannan ta kama gudu. Ke nan lafiyarsa ƙalau?

Ɗan Domayo
Barka! Ai shi ke nan, sa shi ka ci gaba da aikinka.

Injiniyan Dang
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Don Allah Baba kada ka sa tukuna. Juyawar fanka abin da take faɗa kawai shi ne akwai wata wuta a layin 12V. Fanka za ta juya ko da 8 ce ke zuwa mata, za ta juya ko da 14 ce. Disk kuwa ba zai yafe maka 14 ba. Ka auna kowace kala, baƙin tsinke yana kan baƙar waya kullum. Ƙa'idar ATX da ake ƙera irin wannan alim a kanta, wadda Intel ya fitar tun 1995, ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Rawayar waya 12V ce, ana son ta tsakanin 11.40 da 12.60. Ja 5V ce, 4.75 zuwa 5.25, shunayya ma haka. Mai ruwan lemo 3.3V, wajen 3.14 zuwa 3.47. Shuɗiya -12V ce, ita an sassauta mata zuwa kashi 10, kuma za ka ga alamar ragi a gaban lambar, ba matsala ba ce. Mai ruwan toka ita ce ke sanar da kat mer cewa wuta ta daidaita, in babu ita kwamfuta ba za ta tashi ba ko da komai yana nan. Ita ma wajen 5V za ka gani.

Baban Hajara, Garwa
Ga abin da na samu. Rawaya 13.12. Ja 5.52. Ruwan lemo 3.61. Shuɗiya -12.7. Ruwan toka 5.4. Akwai wata fara kuma, ta nuna -5.3. Gabana ya faɗi, yawancinsu sun wuce abin da ka rubuta.

Injiniyan Dang
Farar ta tsofaffin alim ce, -5V, an daina sa ta a na yanzu, ka manta da ita. Amma sauran ba su yi kyau ba. 13.12 ta yi yawa. A jefar da shi.

Malam Na Kusiri
Ku dakata. Ni ba injiniya ba ne, rediyo da talabijin na gyara shekara da shekaru kafin ido ya gaza. Ku sake duba lambobin. Kowacce ta haura, kuma kusan da mudu ɗaya ta haura, har da shunayyar da aka auna tun farko. Ita kuwa shunayya da'irarta daban take a cikin akwatin, ba ruwanta da sauran. Da wuya duka su lalace rana ɗaya su nufi gefe ɗaya. Ni mitar nake zargi. Waɗannan ƙananan masu ruwan ɗorawa, idan batirinsu na 9V ya yi sanyi, sai su riƙa ƙara wa lamba. Baban Hajara, dubi kusurwar gilashin mitar, ba ka ga hoton ɗan batir ba?

Baban Hajara, Garwa
Wallahi akwai Malam. Na ɗauka haka take.

Malam Na Kusiri
To aika yaro ya sayo sabo. In ka sa, fara gwada ta a kan sabon batirin tocila, ta nuna maka wajen 1.6, sannan ka koma kan alim.

Injiniyan Dang
Malam ya fi ni gaskiya, na yi gaggawa. Wannan ba a koya mana shi a aji ba. Na gode Baba.

Baban Hajara, Garwa
An ɗauke wuta, sai an dawo da ita.

Maman Ikram, Njamena
Kafin wutar ta dawo bari in tambaya, ni ma ina bin ku. A ofishinmu akwai wata ƙaramar HP, na leƙa cikinta na ga kan wayoyinta ƙarami ne, ramuka shida, babu koriya. Ita fa?

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Hajiya, ita kada ki sa mata tirombon. Ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da yawansu suna da nasu tsarin daban, yawanci 12V kawai alim ke bayarwa, kat mer ya rage sauran da kansa. Abin da muke faɗa a nan na mai rami 20 ne ko 24. Kuma ko a cikin masu rami 20, akwai tsofaffin Dell na ƙarshen shekarun 1990 da kan nasu yake shiga daidai amma an sauya wa wayoyin wuri. Waɗannan sun ƙona kat mer da yawa a hannun waɗanda ba su sani ba. Baban Hajara, tunda kalolinka sun zo daidai da lambobin, naka ba ya cikinsu.

Baban Hajara, Garwa
An kawo wuta bayan isha'i, na koma shagon. Da sabon batir: rawaya 12.21, ja 5.13, ruwan lemo 3.36, shunayya 5.04, ruwan toka 5.0. Duk sun shiga cikin iyakar da Injiniya ya bayar. Malam Allah ya ƙara lafiyar ido. Gobe da safe zan sa shi.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Amin. Amma saura mataki ɗaya, kuma shi ne ya fi duk na baya. Duk abin da ka auna, alim ɗin ba ya ɗauke da komai. Jakin da ba a ɗora wa kaya ba, ko gurgu ne zai yi maka tafiya mai kyau a tsakar gida. Ni a teburina na sha ganin alim ya ba da 12.1 cif, ana haɗa shi da kwamfuta ya durƙushe. Sai mai ita ya riƙa cewa tana kashe kanta, tana sake tashi, a ɗora wa Windows laifi, a goge a sake zubawa sau uku, alhali ciwon yana cikin akwatin wuta. Je wurin masu kayan mota ka sayo ƙwan fitila na 12V. Na birki mai 21W yana jan wajen 1.75A, na babbar fitilar gaba mai 55W yana jan wajen 4.6A. Haɗa shi tsakanin rawaya da baƙa a ɗaya daga cikin fararen kawunan nan masu rami huɗu, ka auna yana ci. Ka ɗora ƙwan a kan tayil ko faranti, yana zafi sosai.

Ɗan Domayo
Kawu da girmamawa, wannan bai yi yawa ba? Mutum yana da aiki a gabansa, lambobi sun yi daidai. Sai ka ce jirgin sama za a tayar.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Kuɗin ƙwai ɗaya da rabin awa, ka auna su da aikin ɗaliban nan biyu. In disk ya ƙone, ba a Garwa ba, ko Yawunde aka kai shi da wuya a ciro abin da ke ciki.

Baban Hajara, Garwa
Ina kwana jama'a. Na samo ƙwai biyu wurin wani bakanike. Da na 21W rawaya ta sauko 11.78. Da na sa na 55W sai ta faɗo 10.9, ja kuma ta hau 5.34, bayan kamar minti biyu fanka ta tsaya, komai ya mutu. Sai da na cire wuta na jira na mayar sannan ya sake tashi.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
To ka ji. Me aka rubuta a takardar jikinsa a ƙarƙashin +12V?

Baban Hajara, Garwa
15A.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Wanda ya yi alkawarin 15 ya kasa ɗaukar ƙasa da 5. Ya gaji.

Injiniyan Dang
Kawu ka yi haƙuri, a nan ina da ja. Gwajin bai yi wa alim ɗin adalci ba. Irin waɗannan tsofaffin, 12V da 5V a haɗe ake daidaita su, ma'auni ɗaya ke kula da su biyun. In ka ɗora kaya a kan 12 kaɗai ka bar 5 fayau, dole 12 ta sauka 5 ta hau, ko da sabo ne fil daga kwali. Abin da muka gani ke nan, 10.9 da 5.34. An ƙera su ne a zamanin da kwamfuta ta fi shan 5V. Sannan ƙwan fitila in yana da sanyi yana fizgar wuta ninkin abin da yake sha in ya yi zafi, wannan kaɗai yakan sa alim ya kashe kansa don kariya.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Maganarka ta farko gaskiya ce, na karɓa. Ta biyun ba ta shiga nan ba. Fizgar da kake faɗa a ƙiftawar ido take, lokacin kunnawa. Shi kuwa ya ce minti biyu ya yi yana ci kafin ya mutu. Abin da ke mutuwa bayan ya ɗumama, wani abu ne a ciki ba ya jure zafi.

Injiniyan Dang
Haka ne. To a raba gardama. Baba ka sa na 21W a kan ja da baƙa, zai ci dishi-dishi amma kaya ne a kan 5V. Na 55W ya zauna a kan rawaya. In kana da wani mataccen disk da ba ka buƙata, wanda injinsa ke juyawa, ƙara shi. Ka bar jan tsinke a kan rawaya ka zuba wa lambar ido, kada ka auna sau ɗaya ka cire.

Baban Hajara, Garwa
Na yi yadda ka ce, har da tsohon disk ɗin marigayi. Da farko 11.52, na ji daɗi. Sai ta fara rawa, 11.4, 11.2, ta koma 11.45, ta sake faɗowa 11.0. Akwai wani siririn kuka kamar na sauro daga ciki. Da na mayar da tsinke kan mai ruwan toka sai na ga tana faɗuwa sifili tana dawowa. Minti shida ya yi ya mutu.

Injiniyan Dang
To yanzu na sallama. Mai ruwan toka tana faɗuwa, ma'anarsa kwamfuta za ta riƙa sake tashi kana tsakiyar rubutu.

Malam Na Kusiri
Cire shi daga wuta, ɗauki tocila ka haska ta ramukan iska, ba sai ka kwance ba. Wajen da tarin wayoyin ke fitowa akwai wasu ƙananan gwangwanaye a tsaye, kondensa ke nan. Kan mai lafiya a shafe yake. Duba ko akwai wanda kansa ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa kamar tsatsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Baban Hajara, Garwa
Na ga uku sun kumbura, ɗaya har ya tsage a sama.

Malam Na Kusiri
Su ne. Aikinsu tace wuta ta fito sumul. In sun bushe sai ta riƙa fitowa da gargada, mita irin taka kuwa matsakaici kawai take nunawa, ba ta ganin gargadar. Na'urar da ke zana wuta a gilashi ce ke ganinta, osiloskof. Kayan farkon shekarun 2000 sun yi fama da wannan ciwo ƙwarai, an yi wasu kondensoshi marasa kyau da suka cika duniya. Ga kuma zafinmu. Ruwa ne a cikinsu, kuma masu ƙera su suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ka tuna Garwa ko Kusiri a watan Afrilu, sama da 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska. Ajiyar shekara huɗu ma ba ta yi musu daɗi ba. Amma ana gyarawa. A canza duka na wannan ɓangaren, ba ukun kawai ba, a sa masu 105°C, ƙarfinsu ɗaya da na da.

Ɗan Domayo
Ai in haka ne abu ya zo da sauƙi. Sukurori huɗu ne, maƙwabcinka yana da ƙarfen dalma.

Maman Ikram, Njamena
Don girman Allah kada ka ce masa haka. Ƙanena ya taɓa buɗe irinsa a gida, ya cire daga soket ya ɗauka shi ke nan. Wuta ta make shi har sukuddireba ya tashi sama, yatsansa ya ƙone, hannun ya kwana biyu yana masa tsami. Allah ne ya kiyaye.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Hajiya ta faɗi gaskiya. Can ɓangaren da wutar soket ke shiga akwai manyan kondensoshi, ɗaya ko biyu, suna tara sama da 300V, kuma suna iya riƙe ta bayan an cire waya. Akwai abin da aka sa ya zuƙe ta, amma a tsohon kaya ba ka da tabbacin yana aiki. Mai gyaran waya da 4V ya saba, ba aikinsa ba ne. Duk abin da muka sa Baban Hajara ya taɓa tun jiya bai wuce 12 ba, shi ya sa na ce kada a buɗe.

Ni kuma a nan na saba da Malam kaɗan. Gyaran zai yiwu, amma ba zan sa gyararren alim mai shekara ashirin a kwamfutar da mutum ke ci da iyalinsa da ita ba. Kondensoshin da ke kasuwa yanzu ba ka san asalinsu ba, an rubuta 105 amma wata shida sun kumbura.

Malam Na Kusiri
Su ma sababbin alim ɗin na araha fa Alhaji? Ka ɗaga ka ji kamar fanko, an rubuta 500W. Wannan tsohon na tabbata ya fi su nauyi, ya fi su tagulla. Mu da muka taso ba a jefar da abu saboda gwangwani uku.

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Ban ce a jefar ba. A gyara shi ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana, ko ya riƙa kunna fitilun LED na 12V a shago. Amma na aiki, ya nemi na hannu mai nauyi da aka ciro daga kwamfutar ofis, mai rami 24.

Malam Na Kusiri
A kan wannan mun daidaita rabi. Ni dai in ya zo hannuna zai yi shekara biyar nan gaba.

Baban Hajara, Garwa
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga shawarar da na yanke. Na ciro disk ɗina, zan kai wurin wani abokina ya kwafe aikin ɗaliban a kile, wato filash, yau ɗin nan, in ƙarasa musu a tasa kwamfutar. Gobe zan shiga babbar kasuwa neman na hannu. Zan tafi da mitar da tirombon da ƙwayayen nan biyu a aljihu, in mai kaya bai yarda in gwada a gabansa na minti goma ba, in wuce gaba. Na marigayi kuma ba zan yar ba. Malam, akwai direban da na sani yana hawa Kusiri ta Marwa duk sati, zan ba shi ya kawo maka.

Malam Na Kusiri
Turo shi. Ido ya rage amma jikana yana nan, shi zai riƙe ƙarfen dalma ni in nuna masa. Ka haɗo da ƙwan 55W ɗin, nawa ya fashe.

Injiniyan Dang
Baba kafin ka sa sabon, a duba kat mer ɗin ita ma. Alim ɗin da ya yi ƙara ya ƙone ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Ka fara tayar da ita ba tare da disk ba, in hoto ya fito a allo sannan ka kashe ka haɗa shi.

Baban Hajara, Garwa
To Injiniya, zan yi haka. Kawu, in na samu mai rami 24 amma babu jan makunnin nan a bayansa fa?

Kawu Mai Gyara, Gaundere
Karanta takardar jikinsa. In an rubuta 100-240V, da kansa yake daidaitawa, ya ma fi dacewa da wutarmu mai hawa da sauka. In 230V kawai aka rubuta, shi ma namu ne. Ka turo mana lambobin daga kasuwar kafin ka biya.